Wa Ya Ga Maras Lafiya? Tarihin Takardar Likita Daga Guntun Dutse Zuwa Wayar Salula

 Yau za mu yi magana ne a kan wata 'yar takarda da kusan kowane gida ya taɓa nemanta, wato takardar da likita ke bayarwa don shaida wa wurin aiki ko makaranta cewa wane ba shi da lafiya, yana bukatar hutun kwana kaza. A da sai ka je asibiti, ka yanki kati, ka bi layi kafin ka same ta. Yanzu kuwa akwai shafuka da manhajoji da ke alkawarin aiko maka da ita cikin wayarka kafin shayinka ya huce. Wasu daga cikinsu na gaskiya ne, wasu kuma tarko ne da zai iya raba ka da aikinka, ko ya sa ka yi sakaci da ciwon da ke cin jikinka. Kafin ka iya bambance su, yana da kyau ka san inda takardar ta samo asali, da abin da ya sa tun farko aka ƙirƙiro ta.

Rajistar magina kaburburan Fir'auna

A gidan adana kayan tarihi na Birtaniya da ke Landan akwai wani guntun farin dutse da aka samo daga Deir el-Medina, ƙauyen masu sassaƙa da zanen kaburburan sarakunan Masar, a yammacin kogin Nilu daura da birnin Luksor na yanzu. An rubuta shi a shekara ta 40 ta sarautar Ramses na Biyu, kimanin shekara 1250 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam. Magatakardan ma'aikatan ya jera sunayen mutum 40, kowane da ranakun da bai zo aiki ba da kuma dalilinsa. Wani ciwon ido ne ya hana shi, wani kunama ce ta harbe shi, wani yana shirya gawar ɗan'uwansa, wani kuma yana jinyar abokin aikinsa. Dalilin da ya fi yawa a dutsen shi ne rashin lafiya.

Ka lura da abu biyu. Na farko, hukuma ce ke biyan waɗannan mutane da hatsi duk wata, don haka tana son sanin inda kowace rana ta tafi. Na biyu, ƙauyen yana da likitansa, wanda ake ba shi ƙarin hatsi saboda aikinsa. Ba a bukaci wata takarda daga hannun majinyaci ba, domin magatakarda da likita da maras lafiya duk maƙwabtan juna ne. Wanda ya ce yana kwance, kowa ya san ko yana kwance. Gani ya kori ji.

Zargi ya girmi takarda

Tun da aka fara karɓar ciwo a matsayin uzuri aka fara zargin masu kawo shi. Jalinusu, shahararren likitan nan na daular Rum a ƙarni na 2, wanda aka fassara littattafansa zuwa Larabci, ya bar ɗan rubutu a kan yadda ake gane mai ciwon ƙarya. A ciki ya ba da labarin wani bawa da ya shafa wa gwiwarsa wani tsiro mai sa kumburi don kada ya raka ubangijinsa wata doguwar tafiya.

A Ingila ta ƙarni na 12 da na 13, idan aka kira mutum gaban kotun sarki a shari'ar gona ya aiko cewa ciwo ya kwantar da shi, kotu ba ta tsayawa a kan maganarsa. Sai ta tura barade huɗu su je gidansa su gan shi da idonsu. Idan suka tarar ciwon mai wucewa ne, a ba shi 'yan kwanaki. Idan kuwa doguwar jinya ce, a ɗaga masa har shekara ɗaya da kwana ɗaya, bisa sharaɗin ya zauna a kwance a gida. In aka gan shi yana yawo, uzurinsa ya faɗi. Baraden nan ba su san magani ba, darajarsu ita ce mutane ne da kotu ta amince da shaidarsu, kuma sun je sun gani.

Wannan tunani ba baƙo ba ne ga wanda ya yi karatun fiƙihu a zaure. Malaman Malikiyya sun bayyana cewa maras lafiya na iya ajiye azumi idan yana tsoron ƙaruwar ciwo ko jinkirin warkewa, kuma daga cikin abin da ake dogara da shi akwai abin da mutum ya jarraba a jikinsa, da kuma maganar likita masani. Sai dai a can lamarin tsakanin bawa ne da Ubangijinsa, ba a neman hatimi. Ana fara neman hatimi ne a ranar da kuɗin wani ya shigo cikin maganar.

Asusun taimakon juna da dokar Bismarck

Takardar da muka sani yau 'yar zamanin masana'antu ce. Da mutane suka bar ƙauyuka suka cika biranen Turai suna aikin lada, sai ciwon mako biyu ya zama yunwa ga iyali gaba ɗaya, domin ranar da ba ka je ba babu ko kwabo. Ma'aikatan Birtaniya suka kafa ƙungiyoyin taimakon juna masu kama da adashi: kowa na zuba ɗan abu duk mako, wanda ya kwanta a ba shi abin cefane. A 1793 majalisar ƙasar ta yi dokar da ta amince da irin waɗannan ƙungiyoyi. Da yake kuɗin na kowa ne, sai suka tsananta tsaro. Suna naɗa wakilai masu zagayawa gidajen majinyata, suna hana mai karɓar kuɗin jinya fita da dare ko zama a mashaya. A hankali suka riƙa ɗaukar likita suna biyansa a shekara bisa yawan mambobi, ya duba su, ya kuma sa hannu cewa wane ba zai iya aiki ba. Daga nan likita ya samu aiki na biyu bayan warkarwa, ya zama mai tsaron ƙofar asusu.

Jamus ce ta fara mayar da tsarin doka ta ƙasa. A 1883, a zamanin shugaban gwamnati Otto von Bismarck, aka wajabta wa ma'aikatan masana'antu inshorar lafiya. Ma'aikaci na biyan kashi biyu cikin uku na kuɗin, mai masana'anta na biyan kashi ɗaya. Wanda ya kwanta yana samun magani kyauta, da kuɗin jinya da ya kai rabin ladan yini, har tsawon mako 13. Ba a buɗe wannan ƙofa sai da shaidar likita. Da asusun suka ga kuɗi na fita, sai suka ɗauki nasu likitocin don su sake duba wanda likitan farko ya ba hutu. Su ma ma'aikata ba su samu cikakken haƙƙinsu a sauƙaƙe ba. Daga Oktoban 1956 zuwa Fabrairun 1957 ma'aikatan ƙarafa na jihar Schleswig-Holstein suka yi yajin aiki na kwana 114, babbar bukatarsu ita ce leburan da ya yi ciwo ya ci gaba da karɓar albashinsa kamar yadda ma'aikacin ofis ke karɓa. Sai a 1970 doka ta daidaita su, aka tabbatar wa kowa cikakken albashin mako shida.

A Birtaniya kuwa, David Lloyd George ne ya kawo dokar inshorar ƙasa ta 1911. Idan kana da kaka ko kakan da ya yi zamani da kuɗin Ingila, zai gane lissafin nan take: ma'aikaci namiji na zuba kwabo huɗu a mako, ubangidansa taro, gwamnati kwabo biyu, jimla nai. Idan ya kwanta, daga rana ta huɗu ana ba shi sule goma a mako har mako 26, mace kuma sule bakwai da sisi. An fara biya a Janairun 1913, kuma tun daga lokacin rubuta takardar jinya ya zama aikin yau da kullum na likitan unguwa.

Lokacin da takardar ta zama garkuwa

Babu inda nauyin wannan takarda ya fito fili kamar Tarayyar Sobiyet. A ranar 26 ga Yunin 1940 gwamnatin Stalin ta mayar da fashin aiki ba tare da uzuri ba laifi na kotu. Hukuncinsa aikin horo ne har na wata shida a wurin aikin mutum, tare da yanke masa har kashi 25 cikin 100 na albashi, kuma makarar da ta wuce minti 20 ana lissafa ta a matsayin fashi. A irin wannan hali takardar likita ce kaɗai ke tsakanin ma'aikaci da alƙali. Jama'a suka yi wa likitoci caa suna roƙo, hukuma kuma ta sa musu ido tana ƙirga yawan takardun da kowannensu ya bayar. Ba a soke wannan hukunci gaba ɗaya ba sai a 1956. Abin da ya faru a can ya nuna matsayin da likita ke ciki a ko'ina, ko da bai kai haka tsanani ba: majinyaci na jansa ta nan, mai biyan albashi na jansa ta can, abin da zai riƙe kawai shi ne gaskiyar abin da ya gani.

Makaranta ma ta shigo layi

Yadda albashi ya jawo takarda ga manya, haka karatun dole ya jawo ta ga yara. Dokar ilimi ta Ingila ta 1870 ta ba hukumomin makarantu ikon tilasta wa iyaye kai 'ya'yansu, a 1880 kuma aka wajabta hakan a faɗin ƙasar. Dokar ta ambaci rashin lafiya cikin uzurorin da ake karɓa. Aka naɗa jami'ai masu bin gida-gida suna tambayar dalilin fashin yaro, iyayen da ba su da hujja a ci su tara. Amma a makaranta takardar tana da fuska ta biyu. Ajin da ya tara yara sittin wuri ne da ƙyanda da ƙarambau da tari ke yaɗuwa kamar wutar daji, don haka a wasu lokutan abin da shugaban makaranta ke nema shi ne shaidar cewa yaro ya warke, ba zai harbi 'yan'uwansa ba. Ke uwa, idan aka ce ki kawo takarda kafin ɗanki ya koma aji bayan irin waɗannan cututtuka, ki san cewa 'ya'yan wasu ake karewa, kamar yadda gobe za a kare naki.

Yadda ta iso gare mu

Tsarin ya zo ƙasashenmu tare da aikin albashi na zamanin Turawa: aikin gwamnati da na En'e, jirgin ƙasa, soja, kamfanoni da haƙar kuza. Har yau sawunsa na cikin dokokinmu. Sashe na 16 na Dokar Ƙwadago ta Najeriya ya ba ma'aikaci haƙƙin karɓar ladansa har na kwanakin aiki 12 a shekara idan ya yi fashi saboda ciwo na ɗan lokaci, matuƙar likita mai rajista ya tabbatar da ciwon. Dokar ta kuma ba mai aikin damar neman likitan da shi ya zaɓa ya sake duba ma'aikacin. Sashe na 54 ya rataya hutun haihuwa a kan takardar likita da ke nuna cewa haihuwa ta kusa. Wannan doka ta fi shafar leburori da ƙananan ma'aikatan ofis. Manyan ma'aikata da ƙwararru sharuɗɗansu na cikin yarjejeniyar ɗaukarsu aiki ko ƙa'idojin aikin gwamnati. A ɓangaren Faransa kuwa, dokar ƙwadago ta yankunan mulkin mallaka ta 1952 ta tanadi cewa ana jingine yarjejeniyar aiki, ba a soke ta ba, har tsawon wata shida idan likitan da hukuma ta amince da shi ya tabbatar da ciwo, kuma ƙasashe irin su Nijar sun gaji wannan tanadi.

A duk dokokin nan abin da ake nanatawa ɗaya ne, wato likita mai rajista ko wanda aka amince da shi. A Najeriya Hukumar Kula da Likitoci da Likitocin Haƙori ce ke riƙe da rajistar, kuma ƙa'idojinta sun ɗauki sa hannu a takardar shaidar ƙarya a matsayin babban laifin da zai iya jawo wa likita dakatarwa ko soke sunansa.

Likita daga nesa

Duba maras lafiya daga nesa ya girmi intanet da fiye da ƙarni guda. An yi wa tarho rajista a 1876, bayan shekara uku kacal mujallar likitoci ta Lancet ta ba da labarin wani likita da aka kira da tsakar dare saboda tarin wani jariri. Ya ce a kawo yaron kusa da tarho, ya saurari tarin, ya kwantar wa iyalin hankali cewa abin zai iya jira zuwa safe. A 1928 aka kafa hidimar likitoci masu zuwa da jirgin sama a ƙauyukan Ostireliya masu nisa, shekara guda bayan haka aka fara raba wa mazauna daji rediyon da ake tuƙawa da ƙafa don su yi magana da likita. A 1935 aka buɗe wata cibiya a birnin Rum mai ba jiragen ruwa shawarar likita ta rediyo. A 1968 wani babban asibiti a Boston ta Amurka ya riƙa duba marasa lafiya da ke filin jirgin saman birnin ta hanyar talabijin mai kai hoto da dawo da shi.

Duk da haka takardar jinya ta daɗe tana maƙale da alƙalami da hatimi. Sauyin farko da aka yi mata ma rage bukatarta aka yi. A 1982 Birtaniya ta yarda ma'aikaci ya shaidi kansa na kwana bakwai na farko, domin an ga cewa masu mura na cika ɗakunan jira don neman takarda kawai, suna tare wa masu ciwon gaske hanya. A Afrilun 2010 aka sake fasalin takardar, aka ba likita damar rubuta cewa mutum zai iya wani aikin idan aka rage masa awoyi ko aka sauƙaƙa masa nauyi.

Annobar korona ce ta ƙarasa ɓalle ƙofar. A Maris na 2020, da ya zama zuwan mai tari asibiti haɗari ne ga kowa, hukumar lafiya ta Birtaniya ta buɗe shafin da mai killace kansa zai samu takarda ba tare da ganin likita ba, Jamus kuma ta halatta bayar da hutun jinya ta tarho. Bayan annobar ba a koma gidan jiya ba. A 2022 Birtaniya ta cire sharaɗin sa hannu da tawada, ta kuma ba ma'aikatan jinya da masana haɗa magunguna da masu gashin ƙashi da wasu ƙwararru ikon bayar da takardar. Daga Janairun 2023 masu ɗaukar aiki a Jamus suna ɗauko shaidar ciwon ma'aikaci kai tsaye ta kwamfuta daga asusun inshorarsa. A Disambar shekarar aka mayar da hutun tarho na dindindin, amma da iyaka: kwana biyar, ga ciwo maras tsanani, kuma ga majinyacin da asibitin ya riga ya sani.

Inda aka ja layi

Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Da bukata ta samu, 'yan kasuwa suka buɗe shafukan da za ka cika 'yan tambayoyi, ka biya, takarda ta fito, ba tare da wani ya ji muryarka ba. Hukumomi suka fara mayar da martani. Daga Satumbar 2023 hukumar likitocin Ostireliya ta bayyana cewa kula da majinyacin da likita bai taɓa magana da shi kai tsaye ba, bisa amsoshin tambayoyi kawai, ba aiki ne mai kyau ba kuma ba ta goyon bayansa. A 2024 Faransa ta taƙaita hutun da ake bayarwa ta ganawar bidiyo zuwa kwana uku, sai fa in likitan mutum ne na yau da kullum. A wannan shekarar ma'aikatar lafiya ta Singafo ta binciki wani asibitin intanet, ta gano cewa a wata guda an yi ganawa fiye da 100,000 da ba su wuce minti ɗaya ba, ana kuma ba wasu mutane takardun hutu a kai a kai. Aka soke lasisin asibitin, aka miƙa likitoci 41 ga hukumar ladabtarwa.

Kada ka ɗauka laifin na na'ura ne. A Fabrairun 2011, lokacin da malaman makaranta da sauran ma'aikata ke zanga-zanga a birnin Madison na jihar Wisconsin ta Amurka, wasu likitoci sun tsaya a bakin titi suna rubuta wa masu zanga-zangar takardun jinya hannu da hannu. Hukumar likitocin jihar ta tsawata wa wasu daga cikinsu saboda ba su ajiye cikakken bayanin duba mutanen ba. Ga likita ga majinyaci ido da ido, amma shaidar ta yi rauni. A ɗaya gefen kuma, likitan da ya san ka shekara goma, ya kira ka ta bidiyo, ya yi maka tambayoyi, ya rubuta a fayil ɗinka, shaidarsa tana da ƙarfi ko da yana wani gari. Tambayar da kotun Ingila ta tura barade huɗu su amsa ita ce har yau ake yi: wane ne ya duba maras lafiyar, kuma a shirye yake ya tsaya a kan maganarsa?

Abin da za ka riƙe

Idan ciwo ya kama ka ko wani naka kana tunanin neman takarda ta waya, fara da sanar da wurin aikinka ko makarantar tun ranar farko, ka tambayi ƙa'idarsu. Wasu ba sa neman takarda don fashin kwana ɗaya ko biyu, wasu kuma ba sa karɓa sai daga asibitin gwamnati ko wanda suka yi yarjejeniya da shi. Takardar da ba za su karɓa ba asarar kuɗi ce ko da ta gaskiya ce.

Sannan ka duba wanda zai ba ka ita. Dole ya zama likita mai suna, mai lambar rajista a ƙasar da kake aiki, mai adireshi da lambar wayar da za a iya kira a tabbatar. Dole ku yi magana ta murya ko ta bidiyo, ya tambaye ka yadda abin ya fara, da magungunan da kake sha, da cututtukan da kake da su. Duk shafin da ya lamunce maka takarda tun kafin a duba ka, ko ya bar ka ka zaɓi yawan kwanakin da kake so kamar mai sayen tumatir, ko ya yarda ya mayar da kwanan wata baya ba tare da wata hujja ba, ka guje shi. Araha ba ta ado. Likitan kirki yana iya ce maka a'a, yana kuma iya cewa sai ka zo ya taɓa ka.

Ka kuma tuna cewa akwai abin da waya ba ta iya yi. Ba ta ɗibar jini, ba ta latsa ciki, ba ta sauraron huhu yadda ya kamata. Tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ke ba da shawarar a yi gwaji kafin a ba da maganin zazzaɓin cizon sauro, domin ba kowane zazzaɓi ne na sauro ba. Tarin da ya wuce mako biyu yana bukatar gwajin tibi. Ciwon ƙirji, wahalar numfashi, sanƙarewar wuya tare da zazzaɓi, shanyewar ɓarin jiki ko karkacewar baki, amai da gudawa ba ƙaƙƙautawa, zubar jini ga mai juna biyu, duk waɗannan na asibiti ne nan take. Haka yaron da ke jijjiga, ko ya ƙi kama nono, ko ya yi laushi ba ya farkawa sosai. Babban haɗarin takardar da aka saya shi ne ta ba ka kwana uku na kwanciya a gida alhali kwana ukun nan su ne ciwon ke bukata ya yi ƙarfi.

Game da sirrinka, a mafi yawan lokuta abin da mai aiki ke bukatar sani shi ne ba za ka iya aiki ba daga rana kaza zuwa rana kaza. Kana da damar roƙon likita kada ya rubuta sunan ciwon idan ƙa'idar wurin aikinka ba ta wajabta ba. Kafin ka tura hoton katin shaidarka da bayanin lafiyarka ga wani shafi, ka tabbatar ka san su wane ne ke bayansa.

Ita kuwa takardar jabu, ko ta intanet ce ko wadda wani ya buga maka a shagon kwamfuta da hatimin aro, ramin ƙarya ƙurarre ne. Kiran waya ɗaya zuwa asibitin da aka ambata ya isa ya tona ta, abin da zai biyo baya kuma yana iya zama kora daga aiki, ko korar ɗalibi, ko tuhumar jabu a kotu. Ɓarnar ba ta tsaya a kanka ba. Duk takardar ƙarya da aka kama tana sa a ƙara tsananta wa mai ciwon sikila da ke fashi don dole, da mai ciwon suga, da matar da cikinta ya zo da laulayi. Haƙƙin kwanciya jinya ba tare da asarar abinci ba, ka ga irin wuyar da aka sha kafin a same shi, kuma amincewa da shaidar likita ce ke riƙe da shi.

Idan kuwa kai ne shugaban ma'aikata ko na makaranta, ka ɗauki darasin 1982. Tilasta wa mai mura ta kwana ɗaya ya hau babur ya je ya bi layi don takarda wahala ce gare shi, cunkoso ne ga asibiti, kuma hanya ce ta yaɗa cutar. Ka rubuta ƙa'ida bayyananniya, kowa ya san kwana nawa zai iya shaidar kansa, da irin takardar da ake karɓa, ta hannu ko ta waya.

Lafiya uwar jiki, babu mai fushi da ke. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, na gida da na asibiti, ya saka wa masu jinyarsu da alheri, mu kuma ya ƙara mana lafiya mai amfani. Sai mun haɗu a rubutu na gaba, in Allah ya kai mu.